Koren Ƙwan Laraba

Laraba na duƙe a cikin akurki, hannunta a ƙarƙashin wata kaza mai faɗa, ta ji Audi mai shayi yana rafka sallama a ƙofar gida kamar wanda aka aiko da sammaci. Ba lokacin zuwansa ba ne. Audi da la'asar yake zuwa ɗaukar ƙwai, kuma sallamarsa a hankali take fita, irin ta mai neman ragi. Ta zare hannu, ta goge a jikin zani, ta fizgo hijabi daga kan igiya ta nufi zaure.

Bai amsa gaisuwarta ba. Faranti ya miƙo mata, a ciki akwai wainar ƙwai an gutsiri gefe ɗaya. Ta matsa wurin haske ta duba. Ta soya ƙwai a rayuwarta fiye da yadda za ta iya tunawa, amma ba ta taɓa ganin mai launin miyar kukar da ta kwana ba sai yau.

Audi ya ce wani ɗan acaba ne ya fara gani, bayan ya kai loma. Shi Audi ya fasa wani ƙwan a gaban jama'a don ya wanke kansa, gwaiduwar ta fito kore-kore mai duhu. Ya sake fasa wani, haka. Kafin ya fasa na gaba, teburinsa ya cika da mutanen da ba su taɓa sayen ko kofin ruwan zafi a wurinsa ba, kowa da fassararsa. Wani ya ce ƙwan maciji ne. Wani ya ce sammu ne. Amma maganar da ta zauna ita ce ta wani tela, wanda ya ce ai an daɗe ana faɗa, abin da aka kasa ɗura wa yara ta allurar shan-inna shi ne aka biyo da shi ta cikin kaji, don a tsayar wa Musulmi da haihuwa.

"Ni dai na gaya musu inda nake saro shi," in ji Audi. "Kada ki ga laifina, Laraba. Ina da iyali."

"Ni kuwa da duwatsu nake zaune," ta ce, ta miƙa masa farantinsa.

Kajin nan su ne gidan. Tun da aka rage ma'aikata a ƙaramar hukuma aka sallami mijinta, Malam Badaru, daga aikin masinja, Laraba ta sayar da akuyoyinta ta sayi 'yan tsaki, ta raine su a kwali a ƙarƙashin gadonta. Yanzu sun haura ɗari biyu. Su suke kawo gero, su suke biyan kuɗin makarantar 'yarsu Sumayya da ke koyon aikin jinya a Katsina, su ne ma suke sayen batirin rediyon da Malam Badaru ke sauraron halin da duniya ke ciki.

A kan tabarma ta same shi, rediyon a kan ƙirji. Ta gaya masa abin da ya faru, sannan ta nuna masa buhunan da ke jingine a bangon rumfa, ta tambaye shi ko yana tuna ranar da ya kawo su.

Yana tunawa. Wata guda da wani abu da ya wuce ya dawo daga Kongolam a bayan akori-kura, yana zaune a kan buhuna kamar sarkin da ya ciwo yaƙi. Wata mota ce da za ta tsallaka Nijar ta lalace a bakin iyaka, direban ya karyar da kayan. Tunkuzar angurya ce, wato abin da ya rage bayan an matse mai daga irin auduga. Malam Badaru ya ce da idonsa ya ga ragunan da aka kiwata da ita a kasuwar Mai'aduwa, sai mutum biyu sun riƙe ɗaya. Ya ce abin da ya gina rago ba zai gagari kaza ba, kuma ita matsalarta ba ta da tunanin kasuwanci, shi ya sa masu sayar da abincin kaji suke ta yi mata fashi da rana tsaka. Laraba ta yi gardama kwana biyu, a na uku ta gaji, ta fara haɗawa da dusa. Kaji suka ci, suka ci gaba da yin ƙwai, Malam Badaru kuma ya ci gaba da ba abokansa labarin yadda ya ceto sana'ar iyalinsa.

Yanzu kuwa sai ya tashi zaune, ya rage muryar rediyo, ya ce shi bai ga alaƙar angurya da launin ƙwai ba, tun da angurya ba kore ba ce. Ana cikin haka aka aiko daga gidan mai unguwa, wai ana neman mai kajin. Nan take Malam Badaru ya tuna cewa an yi wa wani tsohon abokin aikinsa rasuwa a Baure, kuma yau ne sadakar uku, ba zai yiwu a ce ba a gan shi ba. Ya sa hula, ya saɓa babbar riga. A bakin zaure ya juyo ya ba ta shawara ta yi magana a hankali, kada ta ba shi kunya a gaban manya.

Zauren mai unguwa ya cika har waje. Laraba ta durƙusa daga gefe, ta gaida mai unguwa, dattijo mai son zaman lafiya da gyangyaɗi. A damansa Malam Sada ne zaune, shugaban kwamitin da mutanen unguwa suka kafa wa kansu tun shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Kwamitin ya fara aiki da ƙarfinsa. Ya rufe gidan giya ɗaya tilo da ke bayan tasha, ya kori masu caca daga gindin durumi, ya sa an raba bencin maza da na mata a wurin mai nika. Daga nan aiki ya ƙare. An daɗe ba a samu wata ɓarna mai auki ba, sai leƙen wanda ya makara sallar asuba. Saboda haka da aka ajiye kwanon sha a tsakiyar zaure da korayen gwaiduwa suna lilo a ciki, fuskar Malam Sada har wani haske ta yi.

Ya yi doguwar shimfiɗa a kan makircin maƙiya, ya kawo tarihi tun daga zuwan Nasara. Sannan ya juyo gare ta.

"Waɗannan kajin naki, wane iri ne?"

"Allah gafarta Malam, kajin turawa ne, irin na kowa."

"Kajin wa?"

"Na turawa."

Malam Sada ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a. Zaure ya ɗauki salati. Laraba ta ga cewa idan ta ƙara buɗe baki za ta iya amsa laifin da ko su ba su tuno da shi ba tukuna. Sai ta roƙi mai unguwa arziki ɗaya, a kira malamin dabbobi ya duba, in ya ce da hannunta a ciki, ta yarda a yi mata duk abin da shari'a ta ce. Mai unguwa ya ga wannan hanya ce da za ta ɗauke masa nauyin yanke hukunci, ya amince.

Malamin dabbobin, Muktar, saurayi ne siriri da bai daɗe da gama karatu a Zariya ba. Ya zo a kan babur, ya biya ta gidan Laraba ya ɗebo tunkuzar a leda, ya kuma tsinko reshen auduga a wata gona da ke bayan gari, don shi mutum ne mai son a gani da ido. Ya tsuguna ya leƙa kwanon, ya murza tunkuzar ya shinshina, sai ya yi murmushi irin na wanda ya haɗu da tsohon aboki. Ya ce a littafi kawai ya taɓa ganin wannan, bai zaci zai gani a Daura ba.

Ya zaga da reshen yana nuna musu wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jikin ganyen da karan, ƙanana kamar kashin ƙuda. Ya ce manomi yana ganinsu kullum bai san aikinsu ba. A cikinsu auduga take ajiye dafinta, wani sinadari da ake kira gosifol, kuma a cikin angurya ya fi yawa. Ita auduga ba ta da ƙafar gudu, ba ta da ƙaya, shi ya sa Allah ya ba ta wannan ta kare kanta daga tsutsa da ƙwari. Babban rago da sa suna da tumbin da ke karya ƙarfinsa, in ba a cika musu ba. Kaza kuwa ba ta da shi, sai dafin ya bi jikinta ya sauka a gwaiduwa, in ƙwan ya kwana biyu a ajiye sai ya rine. Shi ya sa mai kajin ba ta gani ba, ita sabo take fasawa. Ya ce ba sammu, ba turawa, kuskuren abinci ne kawai, a canza musu abinci za su dawo daidai.

Laraba ta yi hamdala a ranta. Mai unguwa ya gyara zama, ya fara neman takalmansa da ido. Wasu daga bakin ƙofa har sun fara zamewa, ransu a ɓace, an kashe musu labari.

Malam Sada ya yi gyaran murya.

"Malam Muktar, tsakaninka da Allah. Wannan dafin da ka ambata, yana da wata alaƙa da haihuwa ko ba shi da ita?"

Laraba ta ɗaga kai ta dubi saurayin. Da ido ta roƙe shi. Amma a duk shekarun da ya yi a jami'a ba a koya masa amfanin yin shiru ba, kuma an haɗa shi da Allah. Ya ce to, gaskiya yana da ita. Ragon da aka cika wa angurya yakan yi rauni wajen barbara. Ya ce a wata ƙasa can gabas mai nisa an taɓa samun ƙauyukan da haihuwa ta ɗauke, da aka bincika sai aka tarar ɗanyen man angurya suke girki da shi, har masana suka yi ƙoƙarin yin ƙwayar tsarin iyali ta maza da sinadarin.

"Amma wanda ke cikin ƙwai bai kai ko..."

Babu wanda ya ji abin da ya biyo bayan amma. Zauren ya kaure. Duk wanda ya taɓa zama a teburin Audi ya shiga lissafin abin da ya ci. Wani ango ya fita waje ya dafa bango. Wanda ya fi kowa tayar da jijiyar wuya shi ne Baba Kabo, mai gadin makarantar firamare, wanda autarsa ma ta yi jika. Ya ce shi a bi masa hakkinsa, kullum da safe biyu yake ci. Muktar yana ta ɗaga reshen audugarsa yana cewa ko mutum ya cinye kiret guda babu abin da zai same shi sai ƙwarnafi, amma muryarsa ta nutse. Malam Sada kuwa ya jingina da bango yana jan carbi, da natsuwar mutumin da ilimin boko ya zo da kansa ya yi masa shaida.

Da ƙura ta lafa, mai unguwa ya yanke hukuncin da zai sa kowa ya tafi gida. Ya ce ba a samu Laraba da niyyar cutar da kowa ba, amma duk ƙwan da ke gidanta ta haƙa rami ta binne kafin magariba, kuma kada ta sake sayar da ko ɗaya sai malamin dabbobi ya tabbatar sun gyaru. Buhunan tunkuza kuwa a kwaso su a kawo gidansa a ajiye a matsayin shaida. Sannan ya tambayi Muktar a hankali ko ya ji daidai, an ce babban rago na turka ba ta yi masa komai. Muktar ya ce in an auna. Mai unguwa ya gyaɗa kai, ya ce yana tambaya ne saboda ilimi.

A waje Muktar ya biyo ta yana tura babur. Ya ba ta haƙuri, ya ce shi gaskiya ya faɗa. Ta ce ta sani, ai ita ce ta kashe ta. Ya ce cikin 'yan makonni gwaiduwar za ta koma ruwan ɗorawa kamar da, zai zo da kansa ya duba. Ta tambaye shi masu sayen fa, su a cikin makonni nawa suke komawa daidai. Ya ce wannan ba a ba su maganinsa ba.

Ta bi ta lungu don kada ta ratsa ta bakin titi. Duk da haka matan da ke leƙe ta saman katanga suna janye kai in ta matso. Tana tafe tana tunanin audugar nan, abar da ba ta motsi daga inda aka shuka ta, amma an ba ta abin da za ta kare kanta. Ita kuwa da aka tashi ba ta mai karewa, sai aka ba ta Malam Badaru, wanda a yanzu haka yana Baure yana cin tuwon sadaka.

Bayan la'asar 'yan kwamiti suka turo kura suka kwashe shaida. Laraba ta ɗauki fartanya ta zaga bayan akurki. Ƙasar ta yi tauri, kowane sara sai ta ji shi a kafaɗa. Kiret-kiret na ƙwai suna jere a inuwa, farare tas, babu wanda zai ce akwai abin da ke damunsu. Ta dube su ta tuna Sumayya da jarrabawar da ke gabanta, ta ci gaba da sara da ƙarfin da ya fi na ɗazu. Kaji kuwa suna ta kuka suna neman abincin yamma, ba ruwansu.

Ramin ya kai gwiwa ta ji sallamar mace, ƙasa-ƙasa, ba daga zaure ba, daga ƙaramar ƙofar baya da ake fitar da shara. Barakatu ce, matar Malam Sada. Da goyo a bayanta, ƙafafunta a kumbure har sun cika silifa. Laraba ta san ta tun tana amarya mai kumatu, yanzu kuwa wuyanta kamar a ƙirga jijiyoyi. Ta ɗauka an aiko ta ne ta ga ko an bi umarni, sai ta nuna mata ramin da fartanya, ta ce ta je ta shaida wa Malam aiki yana tafiya.

Barakatu ta ce ba shi ya aiko ta ba, bai ma san ta fito ba. Ta zauna a kan turmi ba tare da an ce ta zauna ba. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta jajanta, ta yi maganar zafi, ta yi maganar tsadar gero. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da kuɗi a dunƙule.

"Yaya Laraba, kafin ki binne, ki sayar mini da ko kiret ɗaya ne."

Laraba ta jingina fartanya. Sai da ta ɗan daɗe tana kallonta kafin ta gane.

Barakatu ta ce wannan na bayanta shi ne na tara. A haihuwarsa jini ya ɓalle mata, sai da aka yi mata ƙarin jini, likita ya ce in ta sake ɗaukar wani nan kusa kada ta zo musu, ta wuce maƙabarta kai tsaye. Ta gaya wa Malam, ya ce likita ba shi ke rayawa ba. Tun daga ranar ba ta yi barci mai daɗi ba. Yau da labari ya shigo gida, ita kaɗai ce ta ji shi kamar bushara. Kuma ba ita kaɗai ba ce a unguwar, akwai mata biyu da suka ce in ta samu ta yi musu magana.

"Barakatu, ba ya yin komai," in ji Laraba. "A gabana malamin ya faɗa, mutane ne ba su saurara ba. Ko kiret goma Malam ya ci, sai dai ya yi ƙiba."

"Ai haka za ki ce, tun da an hana ki."

"Wallahi ba ya yi."

"To ki ba ni hakanan. In bai yi ba, ai ya ci ƙwai."

Jaririn ya motsa, Barakatu ta jijjiga shi ba tare da ta waiwaya ba, idonta a kan kiret ɗin. Tun safe ake kallon ƙwan nan kamar kashin kare, ko kyauta ba mai karɓa. Yanzu ga kuɗi a tafin hannu, ga wasu biyu suna jira, kuma Laraba ta san matan unguwar nan gida-gida, ta san ba biyu ba ne. Kafin sati za ta iya sayar da komai a kan farashin da ta ga dama, ba tare da ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ta dubi kuɗin, ta dubi ƙafafun.

Ta naɗe wa Barakatu yatsunta a kan kuɗinta, ta tura hannun. Ta ce ranar Talata za ta je babban asibiti a duba mata hawan jini, kuma ba ta son tafiya ita kaɗai. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ɓangaren mata, uwar ɗakin Sumayya ce, tana da abin da ya fi ƙwai aiki, kuma bakinta a rufe yake. Ta ce Barakatu ta gaya wa Malam za ta yi wa maƙwabciya rakiya, ai duba mara lafiya lada ne, shi da kansa yake wa'azinsa.

Barakatu ta murza bakin hijabi. Ta ce za ta gani. Ta miƙe da ƙyar, ta kai ƙofa, ta tsaya.

"To kafin Talatar fa?"

Laraba ta yi ajiyar zuciya. Ta tsuguna ta zaɓo guda shida daga na ƙasa, waɗanda suka fi daɗewa, ta ƙulle su a leda ta cusa mata a ƙarƙashin hijabi.

"Ki sa albasa da tattasai da yawa," ta ce. "Kuma ki kai masa a inda ba haske."

Ta saka sakata, ta koma bakin ramin, ta ɗauki kiret na farko.